Katin barka da Sallah daga hannun yaranmu

Yaran da muka haifa a Duwala da Faransanci ko Turanci suke karatu. Hausa suna ji, suna mayarwa, amma ka ce su rubuta, sai a tsaya kallon-kallo. Shi ya sa duk goman ƙarshe na azumi nake zaunar da nawa mu yi katin barka da Sallah.

Kayan aikin ba tsada: kwalin shago, almakashi, gam, da ƙyallayen atamfa da telolin Marché Congo ke zubarwa. Yaro ya yanka kwali, ya manna ƙyalle a baya, a ciki ya rubuta gaisuwa. Sharaɗina ɗaya ne: da Hausa. A nan hannunsu ke sabawa da ƙ, ɗ da ɓ, haruffan da ba sa gani a littafin makaranta. Mai zuwa makarantar allo a New Bell ya ƙara layi da ajami, don tsofaffinmu da yawa shi suka fi karantawa.

Saura mako guda Sallah, a ba wa ɗan'uwa mai tafiya Garwa ko Kano. WhatsApp ya fi sauri, ba musu, amma kati Hajiya ke adanawa cikin adaka, ta ciro wa baƙi ta ce rubutun jikanta ne.