Idan Yara Suka Tsinto Dabbar Daji: Abin da Mai Juna Biyu Ya Kamata Ta Sani

'Yar uwa mai juna biyu, da zarar rani ya shigo aka fara ƙonar daji, namun daji kan gudo kusa da gidaje. Sai ki ga yara sun shigo da murna, wannan riƙe da bushiya, wancan da ɗan kurege mai karyayyar ƙafa, ko jemagen da ya faɗo daga bishiyar mangwaro. Kwanakin baya wata mai ciki wata bakwai ta zo awo da karce a hannu. Da na tambaye ta, sai ta ce ɗan biri ne maigidanta ya tsinto a hanyar gona, ita kuma take ba shi madara. Tausayin dabba hali ne mai kyau, amma ba ke ya kamata ki ɗauke ta ba, domin rai biyu kike kula da su.

Me ya sa ake gudun taɓa su?

Lafiyayyar dabbar daji ba ta tsayawa mutum ya kama ta. Idan kika ga ta kwanta ba ta gudu, ko jemage a ƙasa da rana tsaka, to akwai ciwo ko rauni a jikinta. Dabba mai jin zafi kuwa cizo take yi, ko da taimakonta aka zo yi.

Yawanci daga kare ake ɗaukar ciwon haukan kare, amma dila da sauran namun daji suna ɗauke da shi, jemage ma yana da ƙwayoyin cuta danginsa. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya mutum ya rayu.

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake fitowa. Ya fi tsanani ga mai tsohon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ya kama mace a watanni ukun ƙarshe, fiye da kashi 80 cikin 100 akan rasa jaririn, ko uwar, ko duka biyun. Ƙyandar biri da ta sake ɓulla a Najeriya a 2017 ita ma akan same ta daga ɓeraye, kurege da birai, kuma tana iya ratsawa ta mabiyiya ta kai ga ɗan da ke ciki. Tsuntsayen daji marasa lafiya kuwa suna iya yaɗa murar tsuntsaye, wadda ta shigo ƙasar nan a 2006.

Yadda za a taimaki dabbar

Ki janye yara, a kori kare, kyanwa da kaji daga wurin. Idan jaririyar dabba ce ko ɗan tsuntsu da ba shi da rauni, a bar shi inda yake, domin sau da yawa uwar tana kusa, tana jiran mutane su watse. Idan dole sai an kawar da ita, babban mutum ya sa safar hannu mai kauri, ya kifa mata kwali ko kwando, a ajiye a inuwa nesa da ɗakin girki da rumbu. Kada a ɗura mata ruwa ko madara. A sanar da asibitin dabbobi mafi kusa ko ma'aikatan gandun daji. Wadda aka tsinta a mace ba ta ciyuwa: a ɗauke ta da shebur a binne da zurfi, a wanke wurin da ruwan bilic.

Idan an riga an yi cizo ko karce

A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15. Kada a sa toka, barkono, ƙasa ko fetur, kada kuma a yi tsaga. A zo asibiti a ranar, ko da ciwon bai kai ƙwayar gero ba, domin haƙorin jemage siriri ne, wani lokaci ba ya barin shaida. Allurar rigakafin haukan kare ba ta cutar da mai ciki ko mai shayarwa, saboda haka kada ciki ya hana ki karɓa, kuma ki cika duk ranakun da aka rubuta miki. Ki taho da katin awonki a duba ko rigakafin ciwon sarƙe haƙora ya cika.

Daga nan ki lura da jikinki har kwana 21. Idan kika ji zazzaɓi, ciwon maƙogwaro, amai, ƙuraje, zubar jini, ko motsin jariri ya ragu, kada ki tsaya sayen magani a kemis. Ki zo, ki faɗa mana wace dabba kika taɓa da ranar da abin ya faru. Ana iya kiran hukumar NCDC kyauta a lamba 6232.

Maigida da iyayen gida, ku ja kunnen yara: in sun ga dabba a yashe, su kira babba, kada su sa hannu. Ke kuma, Allah ya sauke ki lafiya.