MORTAL KOMBAT: Gem ɗin da 'yan wasa na gaske suka zuba wa gumi

Duk matashin da ya taɓa zama a benci a gidan gem yana jiran layi ya zo kansa, to ya san Mortal Kombat. Ga Scorpion mai jefa mashi ya fizgo mutum, ga Sub-Zero mai daskarar da abokin faɗa kamar ƙanƙara. Akwai ma wani mugu mai jan ido sunansa Kano, da ƙaton bos mai hannu huɗu wai shi Goro, sunayen da suka sha ba Bahaushe dariya. Har yau masu sha'awar tsofaffin gem suna kakkaɓe ƙurar Sega Mega Drive su zura kaset, wasu kuma su buga a waya. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan mayaƙa 'yan wasa ne na gaske da suka tsaya gaban kyamara.

Kamfanin Midway da ke Chicago a Amurka ne ya fito da gem ɗin a 1992. Mutum huɗu suka yi aikin, manyansu Ed Boon da John Tobias. Da farko burinsu su yi gem da Jean-Claude Van Damme, amma maganar ta sha ruwa. Sai suka ƙirƙiri Johnny Cage, wani jarumin fim mai ji da kai, suka ba shi shiga irin ta Van Damme a fim ɗin Bloodsport na 1988.

Aikin dai kamar na lokeshin aka yi shi. An kira gwanayen faɗa aka sa masu kaya, aka ɗauki naushinsu da shurinsu da ƙaramar kyamarar Hi8, sannan aka yanka hotunan ɗaya bayan ɗaya aka shigar cikin kwamfuta. Daniel Pesina shi ne Johnny Cage, shi ne kuma Scorpion da Sub-Zero, launin kaya kawai aka canza. Elizabeth Malecki ta fito a Sonya. Ho-Sung Pak, wanda ya yi Liu Kang, masu kallon finafinan Jackie Chan sun gan shi a Drunken Master II na 1994. Goro kuwa mutum-mutumi ne aka sassaƙa, ana motsa shi kaɗan-kaɗan ana ɗauka.

To yaya gem ɗin yake a hannu yanzu? Gaskiya tsufa ya kama shi. Mayaƙa bakwai ne kacal, kuma naushi da shurinsu kusan iri ɗaya ne, sai 'yan dabaru na musamman ke bambanta su. A hannun Sega mai maɓalli uku, da maɓallin Start ake kare duka, abin da kan rikita sabon shiga. Na Super Nintendo ya fi kyan hoto da sauti, na Sega kuma ya fi saurin amsa umarni. Amma in mutum biyu suka zauna, ɗaya ya ɗaga ɗan'uwansa sama da naushin haɓa, nan take ɗaki zai kaure da ihu. Wannan daɗin bai tsufa ba.

Da gem ɗin ya shiga gidaje a watan Satumba na 1993, sai rigima ta ɓarke kan jini. Nintendo suka mai da jinin launin toka kamar gumi, suka kuma sassauta munanan kashe-kashen ƙarshen faɗa. Sega kuwa ɓoye jinin suka yi, sai an danna A, B, A, C, A, B, B yake bayyana. Kafin ka ce kwabo kowane yaro ya haddace, na Sega ya yi wa na Nintendo fintinkau a kasuwa. A watan Disamba na shekarar Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka kira kamfanonin gaban majalisar dattawan Amurka. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai rubuta wa kowane gem shekarun wanda ya dace ya buga shi. 'Yan fim ɗin Kano, da suka samu tasu Hukumar Tace Finafinai a 2001, sun san irin wannan zama.

Daga nan kuɗi suka yi ta shigowa. Fim ɗin Mortal Kombat na 1995, wanda Paul Anderson ya ba da umarni, Robin Shou ya fito a Liu Kang, ya tara sama da dala miliyan 120. Ina 'yan wasan da aka fara da jikinsu? Kuɗin aiki aka biya su. Da suka ga kaset na tafiya kamar ruwa, sai wasunsu suka garzaya kotu neman kaso. Pesina ya sha kaye a 1996. A 1997 ita ma Malecki da abokan ƙararta biyu suka faɗi, domin tun farko sun sa hannu a takardar da ta mallaka wa kamfani hotunan da aka ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Midway ta karye a 2009, kamfanin finafinai na Warner Bros. ya saye Mortal Kombat. Shi kuwa Van Damme, sai a 2023 ya shiga gem ɗin da fuskarsa da muryarsa, a matsayin Johnny Cage ɗin da aka kwaikwaya daga gare shi.

Don haka matashin da ke mafarkin shiga industiri, in ya zauna buga wannan tsohon gem, ya dubi Johnny Cage da kyau. Mutum ne ya yi wannan tsalle, ya yi gumi, aka sallame shi rana ɗaya, alhali fiye da shekara 30 ke nan ana cin kasuwar sunan. Ranar da furodusa ya miƙo takarda a lokeshin, a karanta tukuna kafin a karɓi biro.