Gero da Maiwa: Fura, Kunu da Abokan Tafiyarsu a Ƙasar Fakku

Mutanen Faransa sun shahara wajen bin diddigin abin shansu. Tun shekarar 1935 suka kafa dokar da ta ɗaure sunan wasu giyoyin inabi da yankin da aka noma inabinsu, kuma suna da ƙa'idar irin abincin da ya dace da kowace. Bahaushen Fakku, a kudancin Jihar Sakkwato, ba ya noman inabi, addininsa kuma ya raba shi da giya. Amma shi ma yana da irin wannan sani game da abin shansa, watau fura da kunu, sai dai a baka yake, ba a rubuce ba.

Tushen maganar shi ne hatsi. Gero da maiwa dangi ɗaya ne, abin da ya raba su lokacin nuna. Ana shuka gero da ruwan farko, ya nuna cikin kamar wata uku, don haka shi ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina. Yara ma ba su jiran girbi, da tumu suke fara ɗanɗana shi. Ita kuwa maiwa ba ta fid da kai sai yini ya fara raguwa, sai a girbe ta tare da dawa bayan ɗaukewar ruwa. Ƙasar Kebbe da Tambuwal ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, saboda haka manomi a nan yana iya haɗa su biyun.

Ƙwayar gero ta fi ta dawa maiƙo. Wannan maiƙo shi ke ba fura ƙanshi, shi ne kuma ke sa garin gero saurin canja ɗanɗano in ya kwana biyu a ajiye. Dalili ke nan da ya sa ake dakan fura kullum. A surfa, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura a dafa, sannan a kirɓa. Curin da aka samu shi Sakkwatawa ke kira dawo. Sai an dama shi ya zama "hura".

A wajen damu ake gane gwana. Dawon sabon gero, mai ƙanshi da danƙo, kindirmo ya fi dacewa da shi, domin kindirmo ba a fid da mansa ba, tsaminsa kuma kaɗan ne, ba ya danne ƙanshin. Tsala kuwa, wadda aka kaɗe aka kwashe man, tsaminta ya fi kaifi, ta fi kyau da dawon tsohon hatsin rumbu mai yaji sosai, musamman da zafin bazara. Masu cika sukari a ƙwarya dai sun rufe wa kansu wannan bambanci gaba ɗaya, kowace fura ɗaya ce a bakinsu.

Haka nan kuma kowane kunu da abokin tafiyarsa. Kunun tsamiya da ƙosai ake haɗa shi, tun ba lokacin buɗa-baki da azumi ba, saboda tsami yana yanke maiƙon suya, ya wanke baki. Koko ma haka, sai dai shi tsaminsa daga jiƙon gasara yake fitowa. Kunun kanwa ba shi da tsami ko kaɗan, na mai jego ne, ana ba ta shi da ɗumi tare da gasasshen nama da yaji. Ita fura ba ta neman mahaɗi daga waje: da nono ya shiga ta zama ci da sha, shi ya sa ita ake kai wa manomi gona da hantsi, ita ake fara miƙa wa baƙo kafin tuwo ya sauka.