Jika 240: Shari'ar Hadijatu Mani da cinikin wahaya a yankin Konni

Duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Birnin Konni da Illela ya san farashin buhun albasa, ya san na raƙumi, ya san canjin sefa da naira. To, a wannan yanki namu ne, a shekara ta 1996, aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12 a kan jika 240 na sefa. Sunanta Hadijatu Mani. Mahaifiyarta baiwa ce, don haka ita ma aka ɗauke ta a matsayin dukiyar ubangidan uwar. Wanda ya saye ta mutum ne mai shekara 46, yana da mata huɗu a gida.

Irin wannan ciniki shi ake kira wahaya, wasu kuma su ce mace ta biyar. Babu ɗaurin aure, babu sadaki, babu waliyyi. Yarinya za ta yi daka, ta ɗebo ruwa, ta yi aikin gona, ta yi wa matan gida hidima, maigida kuma ya neme ta duk lokacin da ya ga dama. Ba ta da kwana, ba ta da gado. An fi samun abin a jihar Tawa, wajajen Konni, Madawa, Buza da Illela ta Nijar, kuma binciken ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ya nuna ana tsallaka wasu 'yan matan zuwa arewacin Najeriya. Masu yi suna fakewa da addini. Sai dai fiye da shekara 400 da suka wuce, malam Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta cewa bai halatta a bautar da Musulmin ƙasashe irin su Kano da Katsina da Barno ba. Wace yaƙin aka yi har aka kamo 'yar shekara 12 a ƙauyen Adar?

Shekara tara Hadijatu ta yi a gidan, ta haifa wa mutumin 'ya'ya. A 2003 Nijar ta yi dokar da ta mai da bautar da mutum babban laifi, da hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Ƙungiyar Timidria, wadda aka kafa a 1991 (sunan na nufin 'yan'uwantaka a harshen Tamashek), ta shiga ƙauyuka tana bayyana wa mutane dokar. A watan Agusta na 2005 ubangidan ya ba Hadijatu takardar 'yanci. Amma da ta tashi tafiya sai ya ce a'a, ai yanzu matarsa ce.

Nan aka shiga kotu. A 2006 kotun farko ta Konni ta ce babu aure tsakaninsu, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a nemi yardarta ba. Kotun da ke gaba da ita ta rushe wannan hukunci, ta ce bisa al'ada baiwa matar ubangidanta ce. Ana cikin wannan kai-komo Hadijatu ta auri mutumin da ta zaɓa da kanta. Sai tsohon ubangidan ya kai ƙara cewa ta yi aure kan aure, kuma a 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida, ita da mijinta da ɗan'uwanta. Ta yi kusan wata biyu a gidan kaso. Wadda aka saya tana kulle, wanda ya saya yana gida. A ganina nan ne abin kunyar ya fi yawa, domin alƙalan sun ji da kunnensu cewa baiwa ce, ga doka a hannunsu, amma babu wanda ya tuhumi mai ita.

Da taimakon Timidria da wasu ƙungiyoyi biyu na Ingila, Anti-Slavery International da Interights, ta kai ƙarar gwamnatin Nijar gaban kotun CEDEAO, wadda mazauninta ke Abuja. Tun 2005 aka ba talaka damar kai ƙasarsa gaban wannan kotu kai tsaye a kan tauye haƙƙi, ba sai ya gama zagaya kotunan gida ba. Alƙalan suka taso har Yamai suka saurari shaidu a watan Afrilu na 2008. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, suka yanke hukunci: an bautar da Hadijatu Mani, kuma hukumomin Nijar sun kasa kare ta. Suka umurci gwamnati ta biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Ba duk abin da ta nema ta samu ba, domin kotun ba ta yarda cewa ɗaurin da aka yi mata ya saɓa wa doka ba. Gwamnati dai ta amince da hukuncin, ta biya kuɗin. A 2009 Amurka ta ba Hadijatu lambar yabo ta mata masu jarunta.

Bayan haka abubuwa sun ɗan motsa, ko da yake tafiyar hawainiya ce. A 2014 wata kotu a Birnin Konni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda riƙe wahaya, karo na farko ke nan. Sai a 2019 babbar kotun ƙasa ta wanke Hadijatu daga laifin aure kan aure, ta kuma ce al'adar wahaya ta saɓa wa doka. Shekara 12 ke nan tana ɗauke da tabon laifin da ba ta yi ba.

Abin da ya shafi ɗan kasuwa a nan shi ne, irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da dillali, da mai mota, da mai masauki. Yarinyar da aka ce za a kai ta aikatau ko gidan miji a ƙetaren iyaka, a motocin kasuwa ake saka ta, tsakanin buhuna. Direban da ya karɓi kuɗin mota bai tambayi iyayenta ba, da fatoman da ya ba da ɗaki, suna iya samun kansu gaban jandarma, ko da kuwa ba su ci riba ba sai kuɗin goro.

Wani abu kuma ya sauya. Tun ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga CEDEAO. Ɗan Najeriya ko Benin ko Ghana har yanzu yana iya kai gwamnatinsa gaban kotun Abuja. Amma yarinyar da aka sayar yau a ƙauyukan Tawa, madogararta ita ce dokar 2003, da hukuncin 2019, da alƙalan Konni da na Yamai.