Zare da Mazari: Maganin Kansa Mai Kwance Ƙulli

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwa tana kaɗi a ƙauyukan Batsari ko Safana ya san yadda dogon zare ke naɗuwa a jikin mazari har ya shige tafin hannu. To, haka abin yake a jikinmu. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta guda ɗaya, in aka warware shi, ya kai kusan mita 2. An naɗe shi ne a kan wasu furotin da ake kira histon, takwas-takwas a dunƙule. Inda naɗin ya yi tsauri, ƙwayar ba ta iya karanta umarnin da ke wurin. Inda ya yi sako-sako, sai ta karanta, ta yi aiki da shi. Nazarin wannan buɗewa da rufewa shi ake kira efijenetiks.

To wa ke ɗaure ƙullin? Wasu inzayim ne masu liƙa wa histon ɗan sinadarin metil. 'Yan SLT kun san shi, CH3 ɗin nan da ke ba mu wahala a jarrabawa. A shekarar 2000 ɗakin binciken Thomas Jenuwein da ke Biyana, ƙasar Ostiriya, ya fara gano irin wannan inzayim. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne EZH2. In ya wuce gona da iri, sai ya ɗaure wuraren da ke ɗauke da umarnin da ke ce wa ƙwaya ta dakata da rarrabuwa. Rubutun bai goge ba, ƙulle shi kawai aka yi. Daga nan sai ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba birki, kansa ke nan.

Dabarar masana ita ce su haɗa wani sinadari ɗan ƙarami wanda zai shige cikin inzayim ɗin ya toshe gurbin da yake ɗauko metil. Ƙanƙantarsa ta sa ake iya haɗiyarsa kamar sauran ƙwayoyin magani. A Janairun 2020 hukumar FDA ta Amurka ta amince da tazemetostat don wata kansar tsoka da ba a cika samu ba, a watan Yuni kuma don wani nau'in kansar kaluluwa. A 2022 Japan ta amince da valemetostat.

Amma fa kada mu yi saurin tafi. A gwajin kansar tsokar, cikin mutum 62, kashi 15 cikin ɗari ne kawai ƙarin jikinsu ya ragu. An kuma yi gargaɗin cewa maganin kan iya jawo wata kansar jini daban.

Akwai abin da ya fi kusa da gida. Wani ɗan'uwan EZH2 mai suna G9a yana cikin masu rufe umarnin yin himogulobin irin na jarirai, wanda ke sassauta ciwon sikila. A 2015 an nuna a ɗakin gwaji cewa toshe G9a na ƙara shi a ƙwayoyin jinin mutum. Aikin bincike ne tukuna, bai zama maganin da za a saya a kemis ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Irin wannan magani ba a ba da shi da ka. Sai an yanki ɗan nama daga ƙarin, an duba shi a ɗakin gwaji, an san nau'in kansar, wani lokacin har a binciki EZH2 ɗin kansa. Wannan aikin masu fasahar lab ne, wato mu nan gaba.

Kafin nan, in ka je hutu gida ka tarar gwaggo na fama da kumburi a wuya ko a mama wanda ya ƙi sauka, kar a tsaya shafe-shafe. A kai ta asibiti, in ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na ABU da ke Shika. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.