Roƙon Alherin Ƙaunar Allah a Majami'un Ƙasar Yauri

Doka mafi girma a koyarwar Kirista ita ce mutum ya ƙaunaci Allah ba tare da ya yi masa kishiya a zuci ba. Tushenta yana cikin Attaura, a Maimaitawar Shari'a sura 6 aya 5, kuma Bisharar Markus sura 12 ta nuna Yesu Almasihu ya ɗora ta bisa sauran dokoki, ya haɗa ta da ƙaunar maƙwabci. Abin da ya daɗe yana ci wa malaman addinin tuwo a ƙwarya shi ne, ana iya tilasta wa mutum ya biya haraji, amma ba a tilasta wa zuciya ta so. Amsar da suka tsaya a kai ita ce, ƙaunar kanta kyauta ce, roƙonta ake yi. Sunan wannan kyauta a Hausar majami'a shi ne alheri.

Kalmar tana da ɗan santsi. Bahaushe na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato wanda ya shuka shi yana sa ran girbi. Alherin da Littafi Mai Tsarki yake nufi, wanda aka fara buga cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932, ba biyan bashi ba ne, ba kuma ladan aiki ba. Wasiƙar Yohanna ta fari, sura 4, ta sa ƙaunar Allah ga mutum a gaba, ta mutum ga Allah kuwa martani ce kawai. Saboda haka mai wa'azi a Yelwa ko Wara, a ƙasar Yauri, yakan sha aiki kafin ya raba wa jama'a ma'anonin biyu.

Gardamar ko mutum zai iya cika wannan doka da ƙarfin kansa tsohuwa ce, kuma a Afirka aka yanke ta. Pelajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya, ya koyar cewa tunda Allah ya ba da doka, lalle mutum yana da ƙarfin cika ta. Agustin, bishop na Hippo da ke Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya ce sam: nufin ɗan Adam ya raunana, sai Allah ya ba shi abin da ya umarce shi da yi. Taron bishop-bishop na Kartaj a 418 ya bi ra'ayin Agustin.

A ƙasar Yauri Musulmi ne suka fi yawa. An fi samun Kirista a tsakanin Kambari da maƙwabtansu, sai kuma baƙin da aiki ko kasuwa ta kawo, kuma da Hausa ake yawancin sujada. Koyarwar alheri ta iso ta manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce mishan ɗin da A. W. Banfield ya fara a Shonga a 1905, wadda ta kai Salka a 1923, ta kai Zuru a 1925, daga baya ta buɗe tasha a Yelwa. Ita ce ta haifi ikilisiyar UMCA. Wannan gida ya gaji koyarwar tsarki ta John Wesley na Ingila, wanda ya rasu a 1791. A wurinsa tuba mafari ce kurum. Mai bi zai ci gaba da roƙo har Ruhu Mai Tsarki ya tsabtace zuciyarsa, ƙauna ta zama ita ke jan ragamar nufinsa tun a wannan duniya. Wasu ikilisiyoyi suna ganin Wesley ya zarce, suna cewa cikar sai a sama, sai dai babu mai musun cewa aikin na Allah ne.

Hanya ta biyu ita ce ta Katolika, ƙarƙashin Kontagora, wadda ta zama cikakkiyar dayosis a 2020. A nan ana koyar da cewa ana zuba ƙauna a zuciya tun daga baftisma, tare da bangaskiya da bege, a ciyar da ita da jibin Ubangiji da furta zunubi. A ƙauyukan da fada ba ya samun zuwa kowace Lahadi, katekis ne ke riƙe da wannan darasi.

Inda ake gane zurfin maganar shi ne abin da ke takara da Allah a zuciyar mai bi. Tun da madatsar Kainji ta tare ruwa a 1968 ta tashi dubban mutane daga tsibirai da gaɓar Neja, rayuwar yankin ta rataya ga taru da kwale-kwale da fadamar albasa. Masuncin da ya kwana a ruwa ya dawo hannu rabbana, ko manomin da 'yan bindiga suka hana zuwa gona, shi ne aka fi jarraba da ɗaura laya a ƙugu yana kuma riƙe da littafin waƙoƙi. Irin wannan masu wa'azi ke kira zuciya biyu. Maganinta a koyarwarsu shi ne addu'ar safiya, azumi, karatun Littafi, da zumunta. A taron Zumuntar Mata, bayan an ajiye tulun kiɗa da kacau-kacau, akan durƙusa a roƙa wa maras lafiya sauƙi, a roƙi damina mai albarka, sa'an nan a roƙi zuciyar da ba ta rabu biyu ba. Ranar godiyar kaka kuma a shigo da damin gero da kwandon busasshen kifi a jera gaban bagade, fasto ya tuna wa jama'a cewa godiya suka kawo, ba ciniki ba.