Hunturu a Bakin Akurki

A ƙauyukan Kano da Katsina da Zazzau, idan Disamba ya kama, zakara ne kaɗai ba ya makara. Hazo ya rufe gari, ruwan randa ya yi sanyin da sai an cije ake alwala da shi, yara sun kewaye murhu da ƙafafu furu-furu da leɓuna a tsage. Uwargida kuwa kafin ta dama koko sai ta je ta buɗe akurki, ta tsaya tana ƙirga kajin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. A wannan lokaci na shekara ƙirgar ta fi ta kullum nauyi, domin ta san wadda ta shiga lafiya jiya tana iya ƙin fitowa yau.

Iskar da ke kawo wannan sanyi daga arewa maso gabas take tasowa, ta ratso Sahara, tana ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take. Takan fara a ƙarshen Nuwamba, ta ja har wajen Maris. A Kano ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da dare, a Jos ya fi haka sauka.

A gida irin wannan, gona da shanu na maigida ne, amma kaji galibi na mata ne da yara. Akwai wadda kaka ta ba jikanta don ya fara kiwo, akwai wadda amarya ta zo da ita daga gidansu. Idan aikin gona ya ƙare maza suka tafi cin rani Kano ko Legas, kajin nan su ne asusun gida. Yaro ya kwana da zazzaɓi, a kama ɗaya a kai kasuwa. Sabulu ya ƙare ko makaranta ta nemi kuɗin littafi, haka. Baƙo ya sauka, zakara ya san nasa ya ƙare, tunda dai sabo da kaza ba ya hana yanka.

Abin mamaki, hunturu lokacin ƙoshi ne ga kaza. An gama girbi, rumbu ya cika, ana ta sussuka da sheƙa a tsakar gida, tsaba na zuba ko'ina, ga dusa ga tsaki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ƙwari da ɗanyar ciyawa, shi ya sa wasu yaran kan je su ɗebo gara a kawo wa 'yan tsaki. Kazar gida kan saka ƙwai goma zuwa goma sha biyar kafin ta hau kwanci, ta yi kwana 21 a kai ta ƙyanƙyashe. Babbar kaza ba ta cika damuwa da sanyi ba, gashinta ya ishe ta. Tsako ne abin tausayi, don a makonninsa na farko jikinsa ba ya iya riƙe ɗumi. Saboda haka ake kifa kwando a kan uwa da 'ya'yanta da safe, a shimfiɗa musu ƙaiƙayi ko buntu, ba a sake su sai rana ta ɗaga. Bayan sun fito ma ido na sama, domin ciyayi sun bushe, babu maɓoya, shirwa na hango tsako daga nesa.

Amma ba sanyi ko shirwa ke share akurki ba. Cutar Niyukasil ce, wadda likitocin dabbobi a arewacin Najeriya suka daɗe da lura cewa ta fi ƙamari a hunturu. An fara gano ta a tsibirin Jaba na Indunusiya a 1926, ta kuma samo suna daga wani gari a Ingila inda ta ɓulla a daidai wannan zamani. Duk mai kiwo ya san kamanninta ko bai san sunanta ba: kaza ta tsaya tana gyangyaɗi, fukafukai a sake, tana numfashi da baki buɗe, kashinta ya koma kore, wata wuyanta ya murɗe. Cikin mako guda gidan da ke da kaji ashirin sai ya wayi gari da biyu.

Sau da yawa mutane ne ke kai cutar da hannunsu. Mace ta ga kazarta ta fara gyangyaɗi, sai ta yi maza ta aika da sauran kasuwa kafin ta yi asara. Disamba ne kuma, fatake na tara kaji a kwanduna don Kirsimeti da sabuwar shekara, farashi ya tashi. Wani ya ga kaza mai araha ya saya ya kai gida, ya sake ta cikin nasa. Gawar wadda ta mutu a jefar a juji, kare ya ja ta zuwa unguwar gaba.

Magungunan gida suna da yawa: barkono a ruwan sha, toka, ɓawon maɗaci, har da ƙwayar nan ja da rawaya ta kemis. Niyyar kirki ce, sai dai ƙwayar cutar bairos ce, irin wannan magani ba ya taɓa ta. Rigakafi ne kawai ke tare ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa wani nau'i mai suna I-2, wanda asalinsa aikin masana ne a Jami'ar Queensland ta Ostireliya. Ya fi sauran jure zafi, don haka ya dace da ƙauyen da babu firji. Ɗigo ɗaya ake sa wa kaza a ido, a maimaita duk bayan wata huɗu, kuma wanda ya fi muhimmanci shi ne na gab da shigowar sanyi. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida guda, sai maƙwabta sun haɗa kai an buɗe ta rana ɗaya.

Akwai kuma al'adar shigar da kaji ɗakin kwana idan sanyi ya tsananta, a ajiye su ƙarƙashin gado kusa da kaskon wuta. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Jihar Kaduna a Fabrairun 2006, jami'an lafiya ke roƙon a daina, don ita wannan tana iya kama mutum. Ya fi sauƙi a toshe ɓangaren akurkin da iska ke bugowa da zana ko tsohon buhu, a bar 'yar kafa ta shan iska, sabuwar kaza kuma a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida.

Da magariba kajin da kansu suke komawa, yara su kora masu taurin kai, uwargida ta sake ƙirgawa ta rufe. Idan lissafin ya cika haka har zuwa Maris, lokacin da hazo zai janye zafin bazara ya kama, 'yan tsakin Disamba sun zama matasan kaji, ita kuwa uwar ta riga ta koma saƙon bayan rumbu tana neman inda za ta sake saka ƙwai.